Hotunan da Kika Ce In Ɗauko Miki

Zuwa ga ƙawata Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗanki Dauda. Ya zaman Amurka? Mu nan Birnin Gwari sai godiya. Damina ta zauna, masara ta yi kyau a gonakin da aka iya shiga aka shuka.

Saƙonki na murya ya iso, na kuma fahimta. Shirin musayar ma'aikatan lafiya da ya kai ki yana da sharaɗi: in kin gama, sai kin dawo gida kin yi shekara biyu kafin ki nemi zama can. Yanzu lauyanki ya ce ana iya ɗage miki sharaɗin, tunda a can kika haifi Dauda, ɗan ƙasa ne, muddin kin nuna cewa kawo shi nan zai jefa shi cikin wahala mai tsanani. Shi ya sa kike so in ɗauko miki hotunan garinmu. Na yi jinkirin amsawa, kuma kada ki ɗora wa sabis laifi. Ƙyashi ne ya riƙe ni, Rahila, gara ki ji daga bakina.

Tare muka nemi shirin nan, a benci ɗaya na ɗakin haihuwa inda muke aiki. Ranar da aka ɗauke ki, ni na fi kowa rangaɗa guɗa, har muryata ta dushe. Abin da ya sa na iya yi da gaske shi ne sharaɗin. Na ce ai aro aka yi mana, dole a maido ki. Ke ma da bakinki kika ce a tasha, "Hauwa, ki riƙe min kujerata, ko na ƙi dawowa doka za ta koro ni."

Na riƙe. Duk haihuwar da ta zo a gardama, duk matar da aka kawo daga ƙauyen Tabanni a kan babur tana jini, ina yi ina cewa saura kaɗan mu koma mu biyu. Har Mama Saratu, mahaifiyarki, in ta biyo daga coci ranar Lahadi ta tambaye ni yaushe za ki dawo, sharaɗin nake karanto mata kamar ni na kafa shi. Ashe dokar tana da ƙofar baya, ni ce dai ban sani ba.

Da farko na yi niyyar in yi shiru. In ba hotuna, wataƙila a ƙi ki, ki dawo, ki ji yadda gaba ke faɗuwa in mota ta shiga daji, ki riƙe tocila da haƙori kina ɗinki kamar yadda nake yi. Na ji daɗin wannan tunanin fiye da yadda ya kamata.

Amma na fita da wayata. Kin san abin haushin? Garin ya ƙi ba ni haɗin kai. Ranar kasuwa ce, tumatir jajir, mai ƙosai tana ta raha da 'yan acaɓa. Sai ga ni, haifaffiyar unguwar Magajin Gari, ina kewaya ina neman inda garinmu ya fi muni. Na ɗauki makarantar da 'yan gudun hijira suka cika, na ɗauki shingen sojoji daga nesa, na ɗauki ɗakinmu na haihuwa lokacin da babu wuta. Har zanin gadon da na wanke da safe na yaye, don ya yi tsabta da yawa.

'Yata Ummi tana biye da ni. Kin bar ta tana rarrafe, yanzu har ta fara zuwa makaranta. Duk inda na ɗaga waya sai ta faɗo gaba, ta riƙe ƙugu, ta washe baki. A bakin rijiyar unguwarmu, wadda ruwanta ke yin ja da damina, na ga hoton zai fi ƙarfi da yaro a ciki. Na tsayar da ita da bokiti. Sannan na ce mata ta daina dariya.

Ta daina, Rahila. Ta dube ni tana neman laifin da ta yi, ni kuwa na danna.

Ba gidanki nake ƙyashi ba, ba motar da kike sawa a hoto ba. Dauda nake ƙyashi. Yana da lauya, yana da hukuma guda da za ta zauna ta auna ko ruwan nan ya dace da cikinsa. Ummi shi ta sha da safe, shi za ta sha gobe, ba wanda zai zauna a kanta.

Na tura miki duka, babu na ƙarya ko ɗaya. Da ni ce a can da ɗa a hannu, abin da zan roƙe ki ke nan, kuma na san za ki yi min. Alfarma ɗaya nake nema: in lauyan ya zo kan hoton rijiya, kada ki bari ya wuce da sauri. Ki gaya masa sunanta Ummi, 'yar ƙawarki ce, kuma kullum cikin dariya take.

Allah Ya sa a ɗage miki, Ya raya Dauda, Ya ba Mama Saratu haƙurin abin da ban san yadda zan faɗa mata ba. Allah Ya zaunar da dajinmu lafiya, Ya wanke min zuciya a kanki, don har yanzu da saura.

Taki, ko da ƙyashin,
Hauwa