Layin da ke Sauka da Tsakar Rana

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, makwanci ya yi miki faɗi da haske. Ni ce Luba, autarki. Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya takarda, kuma ko kina raye ai boko ba ya karantuwa gare ki, sai ki miƙa wa wani ki ce ya karanto da ƙarfi. To yau jama'a za su karanta a madadinki, don maganar ta yi mini nauyi, kuma na san gidaje irin namu suna da yawa.

Inna, ciwonki ya same ni. Ciwon suga, har da allurar safe, irin taki sak. Tun da mijina, baban Nana, ya rasu na baro Kebbe na dawo gida Tambuwal, aka maido ni koyarwa a wata firamare a hanyar Jabo. Yaya Malam Bello ya ce in shiga ɗakinki, wai ba ya son ganin ɗakin a kulle da kwaɗo. A kan gadonki nake kwana, kuma a hannun babban ɗanki nake yanzu, kamar yadda kika kasance.

Kwanakin baya na je asibiti Sakkwato. Likitar wata doguwar mata ce mai saurin magana kamar ana korarta. Ta manna mini wani farin abu a bayan dantse, bai fi murfin kwalbar lemo ba. Yana da ɗan siririn tsinke da ke shiga ƙarƙashin fata, yana auna sugan jikina a kai a kai yana aika wa wayata. Da kin gan shi da kin ce na ɗaura layar Turawa.

Ta ce huda yatsan da muke yi da safe kamar leƙa tukunya ne sau ɗaya a wuni, wannan kuwa zama ne a gindin murhu. A wayar akwai layi da ke hawa yana sauka, da wani koren fili a tsakiya, daga saba'in zuwa ɗari da tamanin, inda ake so layin ya fi daɗewa. Ta ja mini kunne kada in tsaya ga lamba kaɗai, in dubi kibiyar da ke gefenta. Casa'in da kibiya a kwance zaman lafiya ne. Casa'in da kibiya ta dubi ƙasa kuwa, in nemi zaƙi in sa a baki tun ina cikin hankalina. Ta ce kuma abin yana ɗan makara, jini yana riga shi, saboda haka idan jikina ya faɗi wani abu wayar ta faɗi wani, in huda yatsa in raba gardama. Ta sa na sayi ƙwayar suga na jefa a jaka, ina yi ina ƙunƙuni.

Ni dai hawan nake tsoro, kamar kowa a gidanmu. Na yi ta kallon yadda fura ke ɗaga layin, da yadda shinkafa ke cilla shi sama kamar ta yi hayarsa. Har dariya nake yi ni kaɗai. Ban taɓa kawo wa raina cewa ƙasan ne zai hana ni sukuni ba.

Ranar da ya fara saukar mini, na yi allura, na kurɓi ɗan kunu a tsaye don na makara, na wuni ina kai da kawowa tsakanin azuzuwa. Wajen azahar ina gaban allo sai alli ya fara rawa a hannuna. Gumi mai sanyi ya keto mini, leɓena ya yi nauyi, wani baƙin fushi ya taso mini ba dalili. Na daka wa wata yarinya tsawa a kan abin da ba ta yi ba. Sai wayar ta fara kuka a jaka. Layin ya fita daga koren, kibiya ta miƙe ƙasa. Na tauna ƙwayar sugan nan, na zauna. Kafin a tashi yara na dawo garau.

Ba tsoron kaina ne ya kama ni a kan bencin nan ba, Inna. Hannuna na gani ya damƙe bakin zane yana murzawa, yana murzawa. Na san hannun nan. Naki ne.

Kin tuna tsakar ranar gidanmu? Ki yi allura da sassafe, ki sha kunu tsinkakke, don an ce mai suga ya rage ci. Ki hau surfe, ki hau wanki, ana hana ki kina cewa ba a haife ki don zama ba. In abinci ya sauka kuma ba ki sa shi a baki sai an sallami baƙin zauren Malam. Kullum maganarki ke nan: "A kai ma baƙi tukuna, ni ba gudu nika ba."

Sai wajen azahar abin ya zo. Ki hau rawar jiki, ki jiƙe sharkaf, idonki ya kafe. Ke da ba ki taɓa zagin ko kaza ba, ki zagi duk wanda ya matso. Wata rana da na zo ganin gida kin dube ni kin kira ni da sunan ƙanwarki da ta daɗe da rasuwa. Na koma Kebbe ina kuka a bayan babur.

Matan unguwa suka ce kin zubar da ruwan zafi a bakin rariya da tsakar rana ba ki yi bisimilla ba, kin ƙona ɗan mutanen ɓoye. Komai ya yi daidai da zancensu, har lokacin. Yaya Malam yakan baro almajiransa manya a zaure, ya zauna a kanki, ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe. Wani lokaci ana cikin haka a lallaɓa ki ki ci loma biyu, can sai ki buɗe ido ki tambayi me ya tara mutane. Mu ce alhamdu lillahi, ya sake ta.

Kuma kin san irin son da yake miki. Ranar da aka ce suga gare ki, da kansa ya bi ɗaki ɗaki ya kwashe suga da zuma da mazarƙwaila ya rabar. Shi ma ya daina sha, don kada ki gani ki yi kwaɗayi. Har yau kokonsa salam yake shan sa.

Ranar ƙarshe ba ni nan. Balki matarsa ce ta ba ni labari bayan an share makoki, tana faɗi tana yaba ƙoƙarin mijinta. Ta ce abin ya zo miki da ƙarfi, kina rawar jiki kina cewa, "Ku ban mazarƙwaila, ko ɗan guntu na." Ta ce har ta yunƙura za ta shiga maƙwabta ta samo miki, Malam ya tsayar da ita. "Kak ki ba ta. Ba ita ta ka magana ba, shi na ka neman zaƙi don ya kashe muna ita." Ya ci gaba da karatu yana hawaye. Kika yi shiru, suka ce barci ne. Ko da mai babur ya iso da ni daga Kebbe, an riga an rufe ki da zane.

Da na koma Sakkwato likitar ta baje layina a gabanta, ta nuna mini ramin nan na tsakar rana yana maimaita kansa a duk ranar da na yi allura na jinkirta ci. Ta gyara mini yawan allurar, ta ce in daina wasa da abincin hantsi. Sai na ba ta labarinki, na tambaye ta kai tsaye. Ta ce alamun sun yi kama ƙwarai, amma ba za ta rantse ba, don ke ba ki da layi, ba wanda ya auna. Wallahi Inna na so ta rantse, ko ta nan ko ta can. Ta bar ni a tsakiya.

Tun daga ranar duk sanda na buɗe wayar layi biyu nake gani, nawa da wanda babu. In rana ta take tsaka, ina jin turmi a wani gida, sai in tsinci kaina ina zana naki a zuci: nan ta yi allura, nan ta ƙi ci, nan ya fara gangarowa. Na rasa yadda zan daina.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. In abin ya kama ni a gida har na kasa taimakon kaina, Yaya Malam za a kira. Zai zauna a kaina da duk son da ke zuciyarsa, ya hana a ba ni zaƙi. In kuwa na zaunar da shi na bayyana masa alamun dalla dalla, to na faɗa masa abin da ya faru da ke a hannunsa ke nan. Mutumin da har yau in an ambaci sunanki sai ya sunkuyar da kai. Ko dai in tsira da raina, ko in bar masa kwanciyar hankalinsa, na kasa samun hanyar da za ta haɗa biyun.

Sai na yi rabi da rabi. Na same shi bayan la'asar na nuna masa wayar, na ce likita ta ce in ta yi kuka, kibiya ta dubi ƙasa, a ba ni suga, yana cikin jakata, matuƙar ina iya haɗiya. Rawar jiki da gumi da zagi duk na haɗiye su, ban ambata ba. Ya karɓi wayar ya nisantar da ita daga idonsa kamar yadda yake wa littafi mai ƙananan baƙaƙe. Ya ce, "Suga ga mai suga? Wanga wane irin magani na, Luba?" Na ce haka dai aka ce. Ya miƙo mini, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Ranar Laraba da ta wuce asirina ya tonu. An riƙe mu taron malamai, na fito ban sami babur ba, na taka mai nisa cikin rana. Na ga kibiyar ta fara karkata, na ce bari dai in isa gida, ga tuwo can yana jira. Taurin kan nan kin san inda na gado shi. Ina shiga tsakar gida ƙafafuna suka ƙi, na zube a bakin ɗakinki, jakar ta faɗi gefe.

Abin da ya biyo baya kamar ta cikin ruwa nake tuna shi. Na ji Balki tana salati tana cewa, "Malam, shi na ya dawo, wanda ya kama Inna." An ce na zage ta, zagi mai muni. Na ga ƙafafun Yaya, na ga kofin ruwan tofi a hannunsa. Wayar tana ta kuka a jaka, shi kuma yana tsaye, bakinsa ya fara karatu, idonsa yana kan hannuna da ke murza bakin zane.

Ban san tsawon tsayuwar da ya yi ba. Na dai ga ya durƙusa, ya zazzage jakar a ƙasa, ya tsinci ƙwayoyin sugan ya zuba a kofin tofin, ya juya da yatsa. Ya tallafo kaina ya ce in sha da bisimilla, na sha.

Ya ɗauki wayar ya zauna a ƙasa kusa da ni, malami guda, a gaban matarsa. Yana kallo kibiyar ta kwanta, can ta ɗaga kai, layin ya koma cikin koren. Na buɗe ido sosai na ce Balki ta yafe mini. Shi bai dube ni ba. Kofin yake kallo, da ɗan sugan da ya kwanta a gindinsa. A hankali ya ce, "Ɗan wanga kaɗai?"

Na yi maza na faɗa masa maganar likita, cewa ba wanda ya auna ki, ba wanda zai iya rantsewa, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Ta roƙe ni, Luba. Da bakinta ta roƙe ni." Ya tashi ya shiga zaure ya sallami masu ɗaukar karatu. Washegari da hantsi aka gan shi ya nufi maƙabarta shi kaɗai, bai dawo ba sai da aka kira azahar.

Na tsira, Inna, yanzu gidan nan ya san abin yi in na faɗi. Amma na ga abin da tsirata ta ci. Yana cin abinci, yana jan salla, yana amsa gaisuwa, sai dai in ya zo wucewa ta ƙofar ɗakinki yakan kauce kamar akwai mai barci a ciki. Na san da za ki iya magana da tuni kin ce masa ya bar wannan shirme, ɗa ba ya laifi a wurinki. Ni na faɗa masa, amma daga bakina ba ta da nauyi.

Ya Allah, ka jiƙan Inna Hajo, ka sa wahalar da ta sha ta zama kankarar zunubi, ka shayar da ita daga ƙoramun Aljanna. Ka dubi niyyar bawanka Bello, kai ne ka san da me ya zauna a kanta. Ka sassauta masa abin da ya ɗauka, ka nuna masa ita ko a mafarki ne tana murmushi, don ni na yi iyakar yina na kasa. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki mai kewarki,
Luba