Addu'o'in Kawu Clophas

Anse Claire, Louisiana
14 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Noelie,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Dale da yaran. Ubangiji ya tsare ku daga sanyin Alaska, wanda har yau ban gane abin da ya kai ɗan Adam cikinsa ba. Mu nan sai godiya. Kamun jatan lande ya kusa ƙarewa, shinkafa ta yi kore shar har bakin titin coci, gwiwata kuwa tana nan da halinta.

Kin san bana garinmu ke cika shekara ɗari da hamsin. An mai da tsohon rumbun shinkafa na bakin layin dogo gidan tarihi. A ciki an rataye garmar kakan kakanki Theogene, wanda ya haƙa magudanar ruwa ta farko a wannan fili lokacin da babu komai sai ciyawa da sauro, ga kuma gogen da aka yi rawar auren iyayenmu da shi. Ba zan ɓoye miki ba, na tsaya gaban garmar nan na yi kuka. Mu da aka koro kakanninmu daga ƙasarmu ta asali, Acadie, a jiragen ruwa, mu da aka sa muka durƙusa a kan ƙwayar masara a makaranta don mun yi Faransanci, yau ga Faransancin namu an rubuta shi ɓaro-ɓaro a ƙofar gari. Rannan ko sandata ban dogara ba.

To, wata baiwar Allah ta zo daga jami'a da na'urar ɗaukar murya, tana tattara labarin tsofaffi. Aka kai ta wurin kawunki Clophas, tunda shi kaɗai ya rage traiteur a garin nan, mai yi wa mutane addu'ar warkarwa. Ta iso rana ta buge ta, kanta kamar zai rabe. Ya ɗora mata hannu, ya yi 'yan motsin leɓensa, ciwo ya sauka. Sai kawai ta hau zuba masa godiya, har sau uku! Haba, ko jaririn garin nan ya san ba a gode wa traiteur, godiya karya addu'ar take yi. Ya haɗe rai, ya ce mata ta nemi inuwa ta zauna, ciwon kanta na nan dawowa.

Duk da haka ba ta haƙura ba, ta roƙe shi ya karanta addu'o'in cikin na'ura a ajiye a gidan tarihi. Ya juya na'urar sama da ƙasa, ya tambaye ta shin wannan abin mace ce ko namiji, don shi mace kaɗai zai iya bai wa. Na yi dariya har da hawaye, amma gaskiyarsa ce. Daga namiji zuwa mace take tafiya, daga mace zuwa namiji, baki da kunne. Shi ya karɓa daga kakarmu Ursule, ita daga mahaifinta, haka har can cikin jirgin da ya kawo mu. Turawan Ingila sun ƙwace gonaki, sun ƙone gidaje, wannan kam ba su ga inda aka ɓoye ta ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Likita ya ce zuciyar kawunki ta gaji, ba lalle ya ga girbin shinkafar bana ba. Na ce wa kawun naki ya ba ni addu'o'in, ya ce me zai yi da tsohuwar da ta girme shi da shekara biyu, ai wannan sauya kabari ne kawai. Mara kunya! Ke ya ambata. Ya ce a cikin matan gidanmu ke kaɗai kika rage mai jin Faransancinmu, kuma kin iya riƙe baki tun kina yarinya. Na kawo maganar waya, ya ce addu'ar ba ta tsallake ruwa, tsakaninmu da ke kuwa koguna sun fi a ƙirga.

Na san ke ma'aikaciyar jinya ce, wataƙila kina murmushi. Ban ce ki bar allurarki ba, 'yar nan. Na ce ki zo ki karɓi kayan gidanku, ko da sati ɗaya ne.

Ki gaishe mini da Dale, da Colette da ƙaramin Remy. Ƙanwarki Odile na gaishe ki, haka ma Fada Hebert da maƙwabciyarmu Elvina, wadda ta ce zakaran miyar gumbo na nan tana tsare miki shi.

Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba. Addu'a tara kakarmu ta bai wa kawunki. Ranar Laraba aka kawo masa matar da ta ƙone a hannu, ya fara addu'ar ƙuna, ya tsaya a tsakiya, ya neme ta sama da ƙasa bai same ta ba. Ya kalle ni, ya ce ta tafi. Noelie, ki zo tun ana saura takwas.

Taki har kullum,
Nanan Azema, wadda ta riƙe ki ranar baftisma