Rigar Habu

Yaya Balarabe,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna? Ina fata Anti Ladi da yara suna lafiya. Ni dai alhamdulillahi.

Ranar Juma'a da safe na je filin ƙwallonmu na unguwar Nuzla a nan ƙasa mai tsarki, kwana uku da kama ƙanenmu Habu saboda rashin iƙama, wato takardar izinin zama. Na ɗauka za a ɗaga wasan. Ina isa na ga rigarsa ta ƙwallo a jikin wani baƙo, ko wanke ta ba a yi ba.

Na ce wa Usama mai riƙe da ƙungiyar, "Haba, ƙanena fa yana tsare."

Sai ya miƙo mini waya, wani tsohon fim fari da baƙi. Ya ce, "Shuf, duba nan, Jamus ke nan a yaƙin duniya na biyu. Bama-bamai na sauka, amma ba su tsayar da gasar ƙasarsu ba. In an kai ɗan wasa fagen daga, sai su sa wani. Halas, magana ta ƙare, yalla a fara wasa!"

Yaya, na kalla. Shi 'yan wasa yake gani, ni 'yan kallo na duba. Dole akwai wanda ƙanensa aka ɗauke, ga shi an zaunar da shi yana tafi. Ban yi faɗa ba. Na jira aka tashi, na sa baƙon ya tuɓe rigar. Habu zai zo gida da ita in an turo shi.

Ka gaya wa Inna da kanka, a sa mu a addu'a. Ka gaida Kawu. Malam Idi mai shayi da Sale direba da ka sani duk suna filin ranar, kallon wasansu kawai suka yi.

Ƙanenka,
Nura