Gwiwar Gwaggon Amarya

Zuwa ga Yayata Nankya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da mutanen Masaka baki ɗaya. Ya jikin naki? Ni dai gwiwata ce dalilin wannan wasiƙa.

An sa ranar da Namubiru za ta gabatar da mijinta ga dangi. Mahaifinta, Yaya Mubiru, ba ya duniya, ke kuma tafiya ta gagare ki, don haka ni ce gwaggon da za ta durƙusa gaban baƙi ta gaishe su. Durƙusawar ba ta dame ni ba, tashin ne. Kin tuna bikin bara, da maza biyu suka ɗaga ni kamar buhun gawayi, har mai lasifika ya ce a tafa musu? Ba zan ja wa 'yar marigayi wannan abin kunya gaban surukanta ba.

Namubiru ta sa likita ya auna jinina, sannan ta kai ni wajen yoga a unguwar Ntinda, nan Kampala. Ɗaki ne da ake hura wa zafi da gangan, a rufe tagogi, mutane su yi ta lanƙwasa jiki. Na je sanye da gomesi, doguwar rigar nan tamu ta biki, don da ita zan durƙusa ranar. Na cika cikina da matoke, turararriyar ayabarmu, da miyar gyaɗa, wa ke zuwa aikin ƙarfi da yunwa? Ruwa kuwa ban sha ba, kada fitsari ya matsa min a cikin mutane.

Yaya, yanzu na san yadda matoke ke ji a cikin ganye. Na ga ɗakin yana juyawa, sai farkawa na yi a baranda, mai koyarwar, wata siririyar yarinya Akello, tana yi min fifita da ɗamarata. Ta ce, "Haba Mama, duk Kampala ba ki ga wurin mutuwa ba sai wajen aikina?"

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Nassuna.

Yaya Nankya,

Ina gaishe ki da kyau. Na ji saƙonki cewa in daina wannan hauka, amma ban daina ba.

Yanzu da riga mara nauyi nake zuwa, da gorar ruwa, ba na cin abinci sai na dawo, kuma da na ji jiri sai in zauna. Wallahi abin yana aiki. Zafin yana sa jijiya ta saki, barcina ya gyaru, ciwon bayan nan ma ya yi sauƙi. Illarsa ɗaya, yana ruɗar mutum ya ɗauka ya koma budurwa. Akwai wani tsohon ɗan sanda kusa da ni, na ga ya kama yatsun ƙafarsa, na ce ba zai fi ni ba. Sai da na yi ɗingishi har ƙarshen mako. Akello ta ce, "Mama, tashi kika zo koyo ko kokawa?"

Ga abin da ke damuna. A ɗakin yoga ina durƙusawa in tashi ba tare da na dafa komai ba. A gida da sanyin safe kuwa gwiwar sai ta ce ba ta san zancen ba. Ga damina ta kankama. Ina jin tsoro, Yaya.

Taki, Nassuna.

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa da godiya. An yi biki lafiya, ga labari.

Ranar kuwa da ruwan sama muka tashi, gwiwa ta sandare. Motocin baƙi na isowa na sulale bayan gida, inda mata ke turara matoke a manyan tukwane. Na tsaya a tsakiyar tururin da gorata, na yi ta lanƙwasawa kamar yadda aka koya min, a hankali. Masu girki suka saki aiki suna kallona. Ɗaya ta ce, "Gwaggo, in kin nuna ki faɗa mana mu sauke ki."

Daga nan na wuce rumfa, gomesi na ƙaurin hayaƙi. Na durƙusa, na gaida baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ina waigawa sai na ga ƙattan nan biyu na bara a bayana, sun miƙo hannuwa. Ashe Namubiru ce ta ajiye su. Na harare su, na ja numfashi, na miƙe tsaye da kaina.

Uwar ango ta riƙa faɗa wa mutane ba ta taɓa ganin gwaggon da ta shiga madafa da kanta saboda baƙi ba. Ban gyara mata ba.

Mai lasifika ya ce a tafa, kuma wannan karon ni aka tafa wa. Na dubi kujerar da Yaya Mubiru zai zauna da yana nan, hawaye suka zubo min. Namubiru ta kama hannuna ta ce, "Gwaggo, gwiwar ce?" Na ce mata hayaƙi ne.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki mai ƙaunarki, Nassuna.