Koren da Ke Bayan Ƙofa

Ya ke sanyin idona, hasken safiyata, farin da nake fara shimfiɗawa kafin kowane launi ya zauna,

Ina rubuto miki a kan bokitin da na kife a ɗakin da muka ce namu ne, hannuna duk fenti, bayana kamar an yi mini duka. Na gaji, masoyiyata. Wallahi na gaji!

Kin tuna ranar da kika fara shigowa ɗakin nan, ina kan tsani? Na sauko na buɗe miki gwangwani uku, ja da shuɗi da rawaya, na ce su ne iyayen launuka, sauran duk 'ya'yansu ne. Kika ce, "Kai dai mai fenti, bakinka ya fi buroshinka aiki." Sai kika tsiyaya shuɗi cikin rawaya, ba awo ba komai, kika juya da sanda. Kore ya fito shar, kamar ganyen da ruwan farko ya wanke! Kika dangwala babban yatsanki, kika manna a bangon bayan ƙofa, kika ce launin ɗakinmu ke nan.

To, ina koren nan yake yau? Innarki ta zo ta ce ya cika sanyi, a ƙara ja ɗaki ya yi ɗumi. Na ce mata ja da kore in suna gefen juna haska juna suke yi, amma a bokiti ɗaya kashe juna suke yi. Kika sunkuyar da kai, ni kuwa na zuba, ya koma ruwan ƙasa. Yayarki ta ce a ɗiga baƙi don ya ɓoye datti. Baƙi kuwa ba ya shiga da sallama, ɗigo kaɗan ya cinye bokitin. Ƙawarki mai ɗinki ta ce a gyara da fari. Kaico! Fari ba ya dawo da launin da ya mutu, zumata, laka ce dai ta ƙara haske.

Haka suka yi mini a zuciyarki. Wannan ta ɗiga cewa aikina ba tabbas, waccan ta ɗiga cewa kullum warin fenti nake yi. Yanzu in na kira ki, muryarki ruwan toka ce, ba e ba a'a, ranar aurenmu kuma kullum sai an ƙara shawara. Na san shawara ɗaukar ɗaki ce, amma wa zai kwana a ɗakin, mu ko su?

Lakar nan da na shafa, na kankare ta daga bangon kaf, wurin yatsanki kaɗai na bari. Na yi ta gwada haɗa irinsa, ni da nake fitar wa mutane launin da suka gani a mafarki, amma na kasa. Wani ya yi duhu, wani ya yi haske. Yaya zan iya, alhali awon yana hannunki?

Ki zo ke kaɗai, don Allah. Shuɗi da rawaya suna nan, bokiti a wanke. Ki tsiyaya yadda ranki ya so. Duk abin da ya fito shi zan shafa, in zauna a cikinsa tare da ke har mu tsufa. In kuwa ba za ki zo ba, ki faɗa mini da bakinki, in rufe yatsan nan da fari, in mayar wa mai gida makullinsa. Tun safe na tsoma buroshi a farin, ga shi har ya bushe a hannuna ban iya ɗaga shi ba.

Naki, wanda sonsa ba ya koɗewa komai dukan rana,
Mai fentinki