Ɓeran da Ya Ci Shinkafar Ubangiji

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya gwiwar Baba? Ni lafiya lau a Delhi, tsayuwar shagon gyaran gashi ce kawai ke kumbura min ƙafa.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shinkafar da kike ɗiba a tafin hannu kafin kowane girki, kina tara wa coci, ba ɓera ke ci ba. Ni nake kai wa mai kanti, ya ba ni aron littattafan soyayya. Ina zaune Pi Thangpuii mai karɓar shinkafar coci ta ɗaga ɗan ƙunshinki a gaban mata ta ce, "Ashe Allah azumi yake a gidanku." Na bar ki da kunyar.

Ga ta nan ta zo asibiti a Delhi, tana rera waƙar yabo da bakin da ta muzanta ki da shi. Tir! To ni ɗin na fi ta ne? Samarin littafi kuwa, ko ɗaya bai sauke min wannan nauyi ba. Ubangijin da na yi wa satar ne ya saurare ni.

Gobe za ta koma gida. Ba ta ganin wasiƙa ta ƙyale ba ta karanta ba, halinta ne. Zan miƙa mata wannan a buɗe ta kawo miki.

Ki yafe min.

'Yarki,
Rinawmi