Littafin da na cika kan ruɓewar doya ya jawo an fasa kan aminina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da yara, har da masu karantawa su wuce ba ko gaisuwa. Admin ka ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa sayen doya a hanyar Agyaragu zai gane ni kafin ya kai layi na biyar. Don Allah ku ba ni shawara, amma kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina, wawan labarin nan ni ne, da farin gemuna da carbina.

Ni Babarbare ne ɗan Lafiya, manomin doya. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, shi ma ba ni na gama shi ba, shi ya gama da ni. Amma shekara goma sha biyu da suka wuce wasu ma'aikata sun zo da fom suna bin ƙauyuka suna tambayar manoma, ni na riƙe musu jaka na yi musu tafinta sati uku, da za su tafi suka bar mini hula da biro. Tun ranar ake kirana Farfesa, ni kuma ban taɓa hana kowa ba.

Ina da amini Bafulatani, zan kira shi Buba, rugarsa tana bayan gonakinmu sama da shekara ashirin. Kun san wasan da ke tsakanin Babarbare da Bafulatani, in na gan shi in ce ga bawana, shi kuma ya ce da ƙwaryar nono ɗaya kakansa ya sayi kakana, kuma an cuce shi a cinikin. Duk rani a gonata ta tudu yake ɗaure shanunsa su bar mini taki, ni kuma in na haƙe doya sai in loda masa a mashin har ruga.

To bana ruwa ya yi yawa, da aka fara haƙa sai ga ruɓa. Ka ɗago ƙatuwar doya ka ji yatsanka ya shige ciki, ga wari kamar mushe. Mutane suka rikice, kowa na neman dalili, sai Farfesa ya ce aiki ya samu. Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, na ja layuka da rula kamar fom ɗin mutanen can, na je na kafa benci a shagon wani mai sayar da maganin feshi a kasuwar Lafiya. Duk wanda ya shigo neman maganin ruɓa sai in tare shi, in ce doyarka ta ruɓe, ya ce ta ruɓe, in ce ai shanu suna bi ta gefen gonarka ko, ya ce ƙwarai kuwa, in sa masa maki. Kwana huɗu ina wannan aiki, littafi ya cika da maki, a ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe cewa fitsarin shanu da kashinsu ke ruɓar da doya.

Wallahi niyyata ta farko in kai wa Buba in tsokane shi, in ce bawana ga hujja a rubuce shanunka ma 'yan ta'adi ne. Amma ranar mitin ɗin manoma kai ya kumbura. Na sa hular nan, na sa tabaran da ba na gani da shi, na miƙe na karanta. Audu ɗan ƙanwata, shi ne shugaban matasa, kuma gonarsa kaf ta ruɓe ko iri bai fitar ba, ya tashi ya ce Kawu, wannan ilimi ne ko irin wasanku ne da Fulani. Jama'a ga inda ya kamata in yi dariya in zauna. Sai na gyara tabarau na ce ilimi ne, ga shi a layi.

Kwana biyu bayan nan, da azahar, matasa suka faɗa wa rugar Buba da adduna da gatura. Manyan shanu suna kiwo, sai maruƙa da wata saniya mai ciki, suka sassare musu agara suka bar su suna jan gindi a ƙasa suna kuka. Suka cinna wa bukkoki uku wuta, suka farfasa ƙoren matarsa. Buba ya fito da sandarsa yana kiran su da sunayensu, don duk a gabansa aka haife su, wani ya sauke masa ƙotar galma a ka, da ya kare da hannu aka karya hannun. Babban ɗan Buba ya hango hayaƙi ya rugo da takobi, ya zabge wa wani yaron ƙauyenmu kunne da gefen fuska. Ina cikin gona na ji ihu, da na isa jini ya haɗu da nonon da ya zube, ƙudaje har sun taru, saniyar nan tana harbin iska.

'Yata Hajara tana koyar da lissafi a wata sakandare a Obi, da ta ji labari ta zo, ko ruwa ba ta sha ba ta ce Baba ina littafin. Ta duba ta duba, sannan ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce bincike iri-iri ne, akwai wanda ake tambayar mutane, akwai wanda ake zura ido a ga abin da ke faruwa, akwai kuma gwaji, a raba gona ɗaya gida biyu a sa taki a nan a hana can, sannan a gani. Ta ce nawa ba ko ɗaya ba ne, zaman shago ne. Ta ce wa zai zo sayen maganin ruɓa in ba wanda doyarsa ta ruɓe ba, masu gona a bakin burtali da doyarsu ta yi kyau suna gida suna cin sakwara, ban ji ta bakinsu ba. Ta ce kuma tambayar ma ni na sa musu amsa a baki. Na ce to amma ai duk inda ta ruɓe shanu na bi, ta ce Baba shanu ina suke zuwa, na ce rafi, ta ce ruwa ina ya kwanta bana, na ce bakin rafi. Ta zuba mini ido, ni kuma na kalli rufin ɗaki.

Na yi ƙoƙarin kare martabar Farfesa, na ce ai mutanen ma'aikata ma tambaya suka yi. Ta ce su ƙuri'a suka jefa suka zaɓi gidajen da za su shiga, don kada su ji bakin masu kuka kaɗai. Sai na tuna gaskiya ne, har na yi musu tsiya a lokacin na ce masu digiri suna caca.

Ga inda nake yanzu. Ranar Asabar za a zauna a gidan dagaci, da 'yan sanda da ardo, a yanke ko Buba da iyalinsa za su tashi daga wurin ko za su zauna. Hujjar masu cewa ya tashi ɗaya ce tak, littafina, kuma an ce in zo in sake karantawa. Audu ya same ni a gona ya kafa addarsa a kunya ya ce Kawu kai ka ce ilimi ne, in ka juya baki mu za a kwashe, kuma in aka kwashe mu rumbunka da ƙafafunka ba za su ga damina mai zuwa ba. Uwarsa ƙanwata ta zo ta yi kuka ta ce in rufa wa ɗanta asiri in bar Bafulatani da Allah. Hajara kuma ta ce in na sake karanta littafin nan ba za ta ƙara taka gidana ba.

To jama'a me zan yi? In tsaya gaban taro in ce ƙarya na rubuta, ɗan ƙanwata ya tafi kurkuku, ni kuma in jira adda? Ko in yi ciwon ƙarya ranar Asabar in bar littafin ya yi magana shi kaɗai, a kori mutumin da ya yi shekara ashirin yana zuba mini taki? Masu digirin cikinku ku yi magana, yau Farfesa ne a benci.

Kafin ku amsa ga abu na ƙarshe. Jiya na je asibiti duba Buba, kai a naɗe, hannu a rataye, ido ɗaya a kumbure. Na rasa ta inda zan fara, sai na ɗauko tsohon wasa na ce bawana ashe kan naka ma fasuwa yake yi. Bai yi dariya ba. Na shiga kame-kame, na ce ni fa ban aiki kowa ba, abin da na gani a gonaki na rubuta, duk gonar da shanu suka taɓa na sa ta a layi. Ya ɗago idon nan guda ya dube ni ya ce, “Farfesa, gonarka ta tudu da shanuna ke kwana a kai duk rani, wadda doyarta ko ɗaya ba ta ruɓe ba, a layi na nawa ka sa ta?”